Yadda Za a Tafiyar da Saɓanin Ra'ayi a Masaukin Alhazai a Makka

Masaukin alhazai a Makka yakan haɗa Bakano da Bazazzagi da mutumin Damagaram, wani lokaci har da Hausawan Sudan da 'yan uwanmu mazauna Jidda, kuma kowa ya zo da fahimtarsa ta addini da ta siyasa. Abin da ya kamata alhaji ya fara riƙewa shi ne aya ta 197 a Suratul Baƙara, wadda ta hana jayayya a lokacin aikin Hajji.

Idan mas'alar ta ibada ce, kamar sakin hannu ko ƙabalu a salla, ka tuna cewa mafi yawanmu a mazhabar Malikiyya muka tashi, alhali Hambaliyya ce ta fi rinjaye a Saudiyya, saboda haka ganin bambanci a Harami ba abin mamaki ba ne. Ka ce wa abokin zamanka, "Malam, a wurin wa ka karanta wannan?" sannan ka saurare shi har ya kai aya. Idan kun kasa daidaitawa, ku kai maganar gaban malamin da ke tare da ayarinku.

Siyasa kuwa ta fi buƙatar taka-tsantsan. Juyin mulkin Nijar na 2023 da yaƙin Sudan da ya ɓarke a watan Afrilun shekarar sun taɓa iyalan mutane kai tsaye, don haka kada ka yanke hukunci a gaban wanda abin ya shafa, musamman idan dattijo ne. Hukumomin Saudiyya ma sun haramta taken siyasa da zanga-zanga a wuraren ibada, kuma suna hukunta mutum kan abin da ya wallafa a intanet, don haka ka kula da abin da kake turawa a WhatsApp.