Yadda Ake Kwance Robobin Jikin Babur Domin Isa Ga Lagireto

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40 da rana, masu baburan da ke sanyaya injinsu da ruwa sun fi ganin fitilar gargaɗi ta kama, musamman idan suka daɗe tsaye cikin cunkoso a bakin Sabuwar Kasuwa ko shataletalen Dandima. Sau da yawa dalilin ƙarami ne: ko dai ƙurar hunturun da ya wuce ta toshe lagireto (wato abin da ke sanyaya ruwan inji), ko ruwa ya ragu, ko fanka ta daina juyawa. Sai dai duk waɗannan kayan suna ɓoye a bayan robobin jikin babur, kuma a abin da na sha gani, ɓarnar da ake yi wajen kwance robobin takan fi gyaran da aka zo yi cin kuɗi.

Da farko ya kamata mutum ya san irin babur ɗin da yake da shi. Bajaj Boxer da ire-irensa na 'yan kabu-kabu ba su da lagireto, iska ce ke sanyaya su ta haƙarƙarin ƙarfen da ke jikin silinda, don haka wanke laka da maiƙo daga tsakanin haƙarƙarin ya wadatar. Wannan bayani ya shafi manyan babura masu gudu irin su Honda CBR da Kawasaki Ninja, da kuma sikuta irin su Honda PCX da Yamaha NMAX. A manyan, lagireto yana gaban inji, a bayan tayar gaba, robobin gefe biyu sun rufe shi. A PCX da NMAX kuwa yana ƙasa, a gefen dama na injin, kuma wani ƙaramin murfi mai raga ne kawai ya kare shi. A leƙa da tocila a gano inda yake tukuna, domin kada a kwance rabin babur a kan abin da notoci kaɗan za su buɗe.

Ba a fara wannan aiki sai inji ya huce sarai. Murfin lagireto yana riƙe matsi na kimanin 1.1 a ma'aunin matsi da ake kira bar a yawancin baburan Japan, wannan matsin ne ke hana ruwan tafasa ko da zafinsa ya wuce digiri 100, kuma da zarar an buɗe murfin da zafi, ruwan yakan yi tsartuwa ya ƙona hannu da fuska. Abin da ya fi shi ne babur ya kwana a ajiye a yi aikin da safe. A lokacin hunturu kuwa na fi son a jira hantsi ya ɗaga, saboda roba mai sanyi ta fi saurin karyewa, balle wadda ta shekara da shekaru tana shan ranar Sakkwato har ta bushe. A kafe babur a inuwa, a kan daɓen siminti, domin ƙaramin noti idan ya faɗa cikin rairayi da wuya a sake ganinsa. A shimfiɗa tsohon bargo ko tabarma a gefe, inda za a riƙa ajiye robobin, fentinsu yana kallon sama.

Kayan aikin ba su da yawa: sifana lamba 8 da 10 da 12, alanki lamba 4 da 5, sukundireba mai lebur da mai gicciye, filaya, tocila da tsumma. Sukundireba mai gicciye yana buƙatar ƙarin bayani. Sukurun baburan Japan an yi su ne bisa ma'aunin da ake kira JIS, wasu ma suna da ɗan ɗigo a kansu a matsayin alama, kuma sukundireba na Phillips da ya cika kasuwa bai zauna a cikinsu daidai ba, sai ya riƙa zamewa yana cinye kan sukurun. Wanda bai sami na JIS ba, ya zaɓi sabo mai kaifin baki wanda ya cika ramin, ya danna da ƙarfi sosai kafin ya juya. Sukurun da ya yi tsatsa a fesa masa man sassauta tsatsa a ba shi minti goma.

A nemi kwali kuma, a zana hoton kowace roba a kansa, a riƙa soka kowane noti a wurin da ya dace da inda aka ciro shi. Notocin suna kama da juna a ido, amma tsawonsu ya bambanta, kuma dogo idan aka ɗaura shi a gurbin gajere zai iya huda abin da ke bayansa. A ɗauki hoto da waya kafin a taɓa kowane ɓangare.

Wurin zama ake fara cirewa, saboda a ƙarƙashinsa ake samun bakin robobin gefe, kuma a babura da yawa nan batir yake. A kashe makulli a zare shi, sannan a kwance wayar batir mai alamar ragi, a kauce da ita gefe. Hannu zai shiga kusa da fanka da wayoyi, bai kamata a bar wuta a jikinsu ba.

Robobin babur suna hawa kan juna kamar kwanon rufin ɗaki, wanda ke sama shi ake fara ɗagawa. A bi gaɓar da robobi biyu suka haɗu da yatsa a ga wacce ta danne wacce. A mafi yawan manyan babura ana farawa da ƙananan baƙaƙen robobin ciki da ke kusa da tanki da kan babur, sai ta ƙarƙashin inji, sannan babbar ta gefe. Idan akwai littafin babur ɗin, jerin da ya bayar shi za a bi.

Abin da ke riƙe da robobin iri huɗu ne, kuma saninsu shi ne kusan dukan aikin. Akwai notoci da sukuru da ake gani a fili. Wasunsu suna da ɗan zoben ƙarfe ko washa ta roba a wuyansu, wadda ke hana noti matse robar har ta tsage, don haka a kula kada ta faɗi. Akwai kuma ƙananan kilif na baƙar roba masu ɗan tsinke a tsakiya, waɗanda aka fi samu a ƙarƙashin fitilar gaba da cikin ramin taya. Mafi yawansu ana danna tsinken ne ciki kaɗan, kamar milimita biyu ko uku, har a ji ya yi ƙas, sai kilif ɗin ya zaro da farce. Idan aka danna da yawa tsinken zai faɗa cikin babur. Wani irin kuma ɗaga kansa ake yi da sukundireba mai lebur. Na uku shi ne turaku na roba da ke bayan robar, waɗanda ke shiga cikin zoben danƙo a jikin firam. Waɗannan ana sa tafin hannu a bayan robar dab da turken, a ja kai tsaye zuwa waje, ba tare da murɗawa ba.

Na huɗun ne ke jawo asara, wato ƙugiyoyin da aka ƙera tare da robar kanta, waɗanda ba a ganinsu daga waje. Ba sa fita da ja, sai an zame robar gaba ko baya ko sama kamar faɗin yatsa ɗaya, sannan ta saki da kanta. Na taɓa kai babur wani gareji inda yaron da aka ba aikin ya kwance notocin duka, ya ga robar ba ta motsa ba, sai ya fizge ta, ƙugiya uku suka karye nan take. Tun daga ranar robar take kaɗawa a kan hanya, kuma samun sabuwarta a garin nan sai an yi saƙo daga Kano ko Legas. Abin da na riƙe tun lokacin shi ne, roba idan ta ƙi fita, to akwai abin da ke riƙe da ita wanda ba a gano ba. A tsaya, a haska tocila ta bayanta, a girgiza ta a hankali a ji inda ta kafe. Sau da yawa wani sukuru ne ɗaya da ya ɓuya a ƙarƙashin wata robar.

Idan robar ta saki, kada a yi nisa da ita nan da nan, domin a babura da yawa fitilar sigina tana jikinta. A riƙe ta da hannu ɗaya, a danna ɗan harshen soket ɗin da ɗaya hannun a raba shi. Soket ake kamawa, ba a jan waya.

Yanzu lagireto ya bayyana. A haska tocila ta bayansa a duba ta gaba: inda haske bai ratsa ba, nan ya toshe. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da maiƙo da ƙwari takan daskare kamar yumɓu. A jiƙa ta da ruwa da ɗan sabulu, a bari ta yi laushi, sannan a zuba ruwa a hankali daga baya zuwa gaba, domin datti ya fita ta hanyar da ya shigo. Injin feshi mai ƙarfi na masu wankin mota yana kwantar da siraran ganyayyakin alminiyon, ina roƙon a nisantar da shi daga lagireto. Waɗanda suka lanƙwashe ana iya miƙe su ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin sukundireba mai lebur, a kiyaye bututun da ruwa ke bi. Littattafan gyara na Honda da Kawasaki sun ce idan abin da ya toshe ya haura kashi 20 cikin ɗari na fuskar lagireto kuma ya ƙi gyaruwa, a canza shi.

Daga nan a matsa kowane tiyo da yatsu. Wanda ya yi tauri kamar itace, ko ya kumbura, ko ya tsattsage, ya gama aiki. Farin busasshen tabo ko kore a bakin tiyo alama ce ta yoyo, haka ma ɗigo daga ɗan ramin da ke ƙarƙashin famfon ruwa. A manyan babura, a juya fanka da yatsa a tabbatar tsakuwa ba ta maƙale ta ba, a duba fis ɗinta. A duba danƙon da ke cikin murfin lagireto, domin murfin da ya daina riƙe matsi yana sa ruwa tafasa da wuri. Idan aka ga baƙin mai ya koma launin shayi mai madara, ruwa ya shiga inji, wannan kuwa aikin ƙwararren bakanike ne, kada a tuƙa babur ɗin.

Ƙaramin tankin ajiyar ruwa yana da layi biyu, na sama da na ƙasa, ana duba shi babur yana tsaye sak kuma inji a sanyaye. Abin da za a ƙara shi ne ruwan sanyaya inji na gwangwani ko jarka wanda aka riga aka haɗa, ko kuma a gauraya mai kauri rabi da rabi da tataccen ruwa irin wanda ake zuba wa batir, ba asid ba. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin ɓawo kamar wanda ake gani a cikin butar shayi, kuma a cikin siraran bututun lagireto ba a iya kankare shi. Masu ƙera babura galibi suna cewa a canza ruwan duk shekara biyu ko uku. Tsohon ruwan guba ne mai ɗan zaƙi, yana kashe ƙoda, saboda haka a tare shi a jarka mai murfi, a ajiye inda yara da awaki ba za su kai gare shi ba.

Kafin a mayar da ko roba ɗaya, a ɗaura batir a tayar da inji a bar shi yana aiki a tsaye. A manyan babura fanka takan kama idan zafi ya kai wajen digiri 100 ko ya ɗan haura. A jira a ga ta kama ta kuma tsaya, ana duban ko'ina ko akwai ɗigo. A kashe, a bari ya huce, a sake duba ruwan, domin iskar da ta fita takan sa ya ragu.

Wajen mayarwa, wadda aka cire a ƙarshe ita ake fara sawa. A haɗa soket ɗin sigina, a shigar da ƙugiyoyi, a shafa ruwan sabulu a zoben danƙo don turaku su shiga da sauƙi, sannan a ɗaura notoci duka sako-sako har sai kowane rami ya daidaita, daga baya a matse su da ƙarfin yatsu da ɗan ƙari. Kilif kuwa sai an turo tsinkensa waje kafin a sa shi, sannan a danna ya yi daidai da kansa.

Wasu sukan bar robobin gefe a gida duk tsawon bazara, da tunanin inji zai fi shan iska. An ƙera robobin ne su tattaro iska su tura ta cikin lagireto, su kuma fitar da mai zafi ta ramukan gefe nesa da ƙafar mai tuƙi. Abin ya fi tsanani a ƙananan sikuta marasa lagireto, waɗanda baƙar robar da ta lulluɓe silinda ita ce ke kai iskar fanka inda ake buƙatarta, idan aka cire ta injin ƙara zafi yake yi. A mayar da kowace roba mazauninta, har da ƙananan baƙaƙen na ciki, a gwada sigina ta dama da ta hagu, sannan a ɗan zagaya unguwa ana sauraren ko akwai inda ke kaɗawa.