Mota na ƙara idan ka taka totur? Ga yadda za ka gano bakin zaren

Kafin ka sayi ko noti ɗaya, fara gano abu guda: ƙaran nan injin yake bi ko gudun mota? Ana asarar kuɗi da yawa a gareji daga nan, mutum ya je ya ce wa bakanike "Malam motata na ƙara" shikenan, shi kuma ya kama canje-canje har a dace.

Gwajin ba wuya. Ka faka a fili, ba cikin rufaffen gareji ba saboda hayaƙi, ka ja hambirki, ka sa giya a firi ko P in otomatik ce, sai ka riƙa taka totur a hankali kana sauraro. In ƙaran ya fito motar na tsaye to matsalar tana injin, ko bel, ko salansa. In kuwa shiru kake ji sai ka hau titi sannan ya fara, to yawanci ka koma ƙasa wajen shaf, boris ɗin taya ko giya, sai dai ƙas-ƙas ɗin injin a hawan tudu da za mu zo kansa.

Mu fara da salansa. In motarka ta koma ruri kamar babur ɗin da aka cire wa salansa, kana ƙara wuta tana ƙara ihu, akwai inda bututun ya huje ko gaskit ya ƙone. Da safe kafin injin ya yi zafi ka tada ta ka leƙa ƙasa, wurin da ke yoyo yawanci za ka ga baƙin toka a gefensa, wani lokacin ma har ka ji iska na bugun hannunka in ka kawo shi kusa, amma dai kar ka taɓa ƙarfen. In a bakin injin ne yoyon, sautin kan zama tik-tik-tik da sanyin safiya sai ya ragu idan ƙarfe ya ɗau zafi ya kumbura ya rufe wurin. Ƙaramin rami mai walda zai toshe, gaskit kuwa sai sabo. Kuma kar a raina wannan, hayaƙin yana ɗauke da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi, in tana shigowa cikin mota sai ciwon kai da jiri da barci a kan sitiyari.

In kuma ƙaran kacau-kacau ne na gwangwani, duba faifan ƙarfen nan siriri da ke kare zafin salansa, notinsa kan yi tsatsa ya saki. Ɗaure shi kawai. In ba shi ba ne, bari ta huce ka ɗan bubbuga katalis, wato tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, da hannu, in ka ji abu na zuba a ciki to ya farfashe.

Ƙara mai tsini, ƙiiii, musamman da ka tashi mota ko ka kunna esi, wannan fanbel ne. Ka yayyafa masa ɗan ruwa injin na aiki, ka nesanta hannu da hannun riga sosai, in ya yi shiru na ɗan lokaci to bel ɗin ya cinye ko ya karkace a kan fuli, in bai fasa ba sai a duba tenshona, wato abin da ke ɗame bel ɗin, da boris ɗin fuli. Masu shafa masa mai ko sabulu yaudarar kansu suke, mai lalata roba yake.

Toh yanzu wanda ni nake ganin ya fi cancantar a tsaya a kansa. Kana hawan tudu ko ka ɗauko kaya, ka taka sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas a cikin injin, ka ɗaga ƙafa ya ɗauke. Fetur ne ke kamawa ba a lokacinsa ba a cikin silinda, kuma in aka bar shi yana iya cin fistin. Abin da ke kawo shi: fetur mai ƙarancin okten, wato ƙarfin jure matsi, ƙasa da wanda littafin motar ya ce, fulogi da suka gaji ko ba lambarsu ba, dattin kabon da ya taru, injin da ke zafi fiye da kima, ko sensan da ke jin bugun ya mutu. Fara da mai arha, canja gidan mai, duba fulogi, duba ruwan lagireto. In fitilar cek injin ta kama a jona kwamfuta, motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da soket ɗin OBD2, lamba P0325 na nuna layin wannan sensan, P0300 kuma injin na tsallake wuta.

Amma fa akwai wani bugun daban, mai nauyi, gwaf-gwaf daga can ƙasan injin, yana ƙara sauri da totur ko motar na tsaye. Kashe ta nan take ka zaro sandar gwada baƙin mai. In fitilar mai ja ta kama kar ka ce bari in lallaɓa zuwa gida, a jawo ta, don metal ne, wato boris ɗin cikin injin, ke ci kuma tafiya kaɗan za ta mai da gyara ya zama sayen injin.

Na ƙasa kuwa gane su da sauƙi. Ƙat-ƙat-ƙat in ka karya kwana kana ba ta wuta, kan shaf ne, leƙa bayan taya za ka ga robarsa ta yage giris ya watsu. Gurnani wuuu da ke ƙaruwa da gudu ko ka ɗaga ƙafa, yana sauya murya in ka ɗan karkata sitiyari, boris ne, ko da yake tayar da ta ci gefe ɗaya ma tana yin haka. Gum sau ɗaya duk lokacin da ka taka ko ka sa giya, robar da injin ke zaune a kai ce ta fashe, sa wani ya danne birki ya sa giya kai ka tsaya a gefe, ba a gaba ba, ka ga ko injin na zabura. In injin na ihu mota ba ta gaba, kuloci ya ƙare, a otomatik kuma duba man giya, in ya yi baƙi yana ƙauri akwai aiki.

In za ka gareji ɗauki ƙaran a waya, ka faɗi a wane gudu yake zuwa da ko injin na sanyi ko zafi, sannan ka ce "Oga shigo mu zaga ka ji da kunnenka" kafin a kwance komai.