Yadda za a gane gigin tsufa, da yadda za a yanke shawara kan jinyar tsoho

Jama'a abin nan da muke ce wa gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba maita ba ne ba kuma sammu ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari cutar Alzheimer ce, wasu kuma hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke jawo musu.

Da farko ku sa ido. Manta inda aka aje carbi ba komai ba ne. Amma in Inna ta ci tuwo yanzu ta ce ba a ba ta ba, ko Baba ya fito daga masallacin da ya tsufa yana zuwa ya kasa gane hanyar gida, lissafin canjin kuɗi ya gagare shi, yana ta zargin jikoki da sata, abin kuma ya fi tashi in magariba ta doso, to ku fara rubutawa.

Na biyu, tun yaushe? Gigin tsufa a hankali yake shigowa, wata da watanni. In jiya lafiya lau yau ya rikice, wannan wani abu ne daban, ƙila ƙarancin ruwa a jiki (kun san zafin Garwa a Maris da Afrilu), zazzaɓi, ciwon mafitsara ko sukari ya faɗi. A kai shi asibiti a ranar, sau da yawa yana warkewa.

Na uku, ku je asibitin yanki na Garwa ko Marwa da karne (littafinsa na asibiti) da duk magungunan da yake sha har na gargajiya, dokta ya auna jini da sukari da bitamin B12. In an tabbatar Alzheimer ce, har yau ba maganin da ke warkar da ita, kar wani ya sa ku sai da gona.

Na huɗu shi ne inda muke yawan zaluntar tsofaffi wallahi. Ku tambaye shi tun yana ganewa, da safe lokacin da kansa ya fi washewa: Baba in tiyata ta taso ka yarda? A kai ka Yawunde ko ka fi son gida? Wa zai riƙe maka kuɗi? In ya kai ba ya iya amsawa, dangi su zauna su zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa magana da dokta, a bi abin da Baba zai so ko da ba shi ya fi mana sauƙi ba, kuma don Allah a saurari 'yar ko surukar da ke wanke shi kullum, ita ta fi kowa sanin halin da yake ciki amma ita ake bari a madafa. Kar a kama hannunsa a dangwala a takardar gida.

Kar a ɗaure shi, kar a kulle shi a ɗaki. A sa takarda mai lambar waya a aljihunsa, a gaya wa maƙwabta da 'yan moto na unguwa, a kuma raba kwanakin jinya tsakanin 'ya'ya maza da mata.