Kafin ka sayi kuloci da filawil ga motar da aka ƙara wa ƙarfi

Wanda ya sa wa motarsa ta tsere turbo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, ya sani cewa ƙarfin juyin injin ne ke sa kuloci santsi, saboda haka da ƙarfin juyin ake zaɓen kuloci, ba da ƙarfin doki ba. Misali, Nissan 350Z ta fito da kusan Nm 370 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin juyi). Idan gyara ya kai ta 500, a nemi kulocin da zai ɗauki 600.

Faifan kuloci na seramik yana jure zafi, amma yana cafkewa farat ɗaya, kuma a cunkoso mota za ta riƙa fizga har ƙafar hagu ta gaji. Ni dai ga motar yau da kullum na fi son faifai mai laushi da murfin kuloci mai ƙarfin matsa faifan.

Filawil shi ne farantin ƙarfe mai nauyi da ke bayan inji, wanda kuloci ke kamawa. Filawil mara nauyi yana sa injin tashi da sauri, sai dai motar takan mutu wajen tashi daga tsaye, giyar motar kuma ta riƙa yin ƙara idan aka cire na asali mai ɓari biyu. A canja boris ɗin kuloci tare, sannan a lallaɓa motar kilomita 800 na farko.