Yadda ake tsara shukar lambu da lissafin sanyin hunturu

A ƙasashen Turai mai lambu yana jiran ranar da sanyi mai daskarar da raɓa zai wuce kafin ya fitar da dashensa. A Kano, Katsina ko Maraɗi sanyi ne abin nema. Ranar da ake gudu ita ce ta shigowar zafin bazara, wajen tsakiyar Maris, daga ita kuma ake ƙirgawa baya.

Da farko ka rubuta ranaku biyu na yankinka: lokacin da damina ke ɗaukewa, galibi farkon Oktoba, da makon da dare ke daina sanyi. Tsofaffin manoman fadamarku sun fi kalanda sanin wannan.

Tumatir ya fi kowa tsanani a lissafi. Idan zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma ya wuce 24, fure yana zubewa ba tare da ya ƙulla ɗa ba, komai takin da ka zuba. Iri na yin mako 4 a gadon reno, ya yi fure mako 4 zuwa 5 bayan dashe, sannan yana son wata guda na sanyi ya gama ƙulla 'ya'ya. Don haka ka zuba iri a tsakiyar Oktoba, ka yi dashe a tsakiyar Nuwamba, tsinka ta fara a ƙarshen Janairu. Dashen da ya wuce ƙarshen Disamba caca ne: ga zafi, ga tsutsar Tuta absoluta da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016, wadda ke ƙaruwa idan gari ya ɗumama.

Mako guda kafin dashe ka rage ban ruwa, ka janye rumfar gadon don tsiron ya saba da rana. A cire shi da yamma yana da ganye 4 zuwa 5, a bar tazarar santimita 45 zuwa 50, a ba shi ruwa nan take. Jaura kan busar da sabon dashe cikin kwana biyu, saboda haka a kafa shingen karan dawa ta arewa maso gabas, inda iskar ke fitowa.

Albasa tana yin mako 6 zuwa 8 a reno. A zuba a Oktoba, a dasa a farkon Disamba, kaurinta bai wuce na fensir ba. Wadda ta yi ƙiba kafin dashe, da sanyi ya buge ta sai ta fitar da sandar fure, kan ya ƙi girma. Ita zafin Maris ma taimakonta yake yi wajen nuna. A yanke ruwa mako 2 kafin cira, idan wuyanta ya fara kwanciya.

Latas, kabeji da karas a shuka su daga Nuwamba zuwa farkon Janairu. Latas ɗin da ya riski zafi miƙewa yake yi, ganyen ya yi ɗaci.

Kuɓewa, kankana da kokwamba kuwa ba sa shiri da ɗari. Irin kuɓewa da aka shuka a Disamba yakan daɗe a ƙasa, in ya fito ma ya tsugune. A bari sai ƙarshen Fabrairu, a jiƙa irin ya kwana a ruwa, a shuka da zurfin santimita 2.