Yadda Ake Kula da Lafiyar Ƙugu da Kwanciyar Hankali Bayan Ɓari ko Jinkirin Haihuwa

Macen da ta yi ɓari, ko wadda ta shafe shekaru tana jiran ciki, takan ɗauki ciwo a jiki da kuma zuciya a lokaci guda, kuma ba a warkar da ɗaya a bar ɗaya. Daga cikin kowane ciki goma da aka tabbatar, ɗaya zuwa biyu kan zube, mafi yawa kafin mako na 12, sannan rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin shida yakan fuskanci rashin haihuwa a rayuwarsa.

Mataki na farko shi ne ki tabbatar babu abin da ya rage a mahaifa. Jinin ɓari yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu yana raguwa, amma idan kina jiƙa audugar mata biyu a kowace awa har tsawon awa biyu, ko zazzaɓi ya kama ki, ko abin da ke fita yana wari, ko mara tana murɗa miki sosai tare da jiri, to ki tafi asibiti nan take, domin wataƙila ana buƙatar hoton ciki da magani ko wankin ciki. Ki tambayi rukunin jininki, saboda mai jinin Rh negatif na iya buƙatar allurar Anti-D, wadda ke kare cikin da za ta ɗauka nan gaba, cikin awa 72. Kada ki sanya komai a gabanki, kuma ki dakata da saduwa har sai jini ya ɗauke.

Mataki na biyu, wanda aka fi sakaci da shi, shi ne kula da tsokokin ƙasan ƙugu, waɗanda ke tallafe da mahaifa da mafitsara da dubura. Mata da yawa suna zaton matsalarsu ita ce tsokokin sun saki, alhali bayan ciwo da fargaba da yawan gwaje-gwajen asibiti tsokokin nan sukan ɗaure ne su kasa saki, har a riƙa jin zafi lokacin saduwa, ko yawan jin fitsari, ko taurin bayan gida. Saboda haka ki fara da koyon saki kafin matsewa. Ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa gwiwoyinki, ki ɗora hannu a kan cibiya, ki ja numfashi ta hanci a hankali har ciki ya taso, kina barin ƙasan ƙugu ya yi laushi, sannan ki fitar da iskar ba tare da yunƙuri ba. Minti biyar safe da yamma ya wadatar.

Bayan jini ya tsaya kuma ciwo ya lafa, sai ki shiga atisayen matsewa da likita Arnold Kegel na Amurka ya bayyana a 1948: ki matse kamar mai riƙe tusa na daƙiƙa uku zuwa biyar, ki saki gaba ɗaya na tsawon hakan, sau goma, ba tare da riƙe numfashi ko matse cinyoyi ba. Kada ki mayar da tsayar da fitsari atisaye, domin yana hana mafitsara zubar da abin da ke cikinta duka. Idan atisayen ya ƙara miki zafi, ki daina, ki nemi likitan fisiyo da ya ƙware a lafiyar ƙugu. Tafiya a ƙafa da shan ruwa isasshe suna taimakawa.

Mataki na uku shi ne ki sauke wa kanki laifin da ba naki ba ne. Kimanin rabin ɓarin farkon ciki yana faruwa ne saboda tangarɗar ƙwayoyin halitta tun lokacin haɗuwar ƙwai da maniyyi, ba don aikin gida ko saduwa ko ɓacin rai ba. A ganina kalmar da ta fi cutar da mace a wannan hali ita ce "ai za ki samu wani", domin tana share wanda aka rasa kamar bai taɓa kasancewa ba. Kina da haƙƙin yin kuka, da ƙin amsa tambayoyin da ba ki shirya musu ba, da zaɓen mutum ɗaya amintacce da za ki riƙa buɗe wa cikinki. Ki gaya wa maigidanki abin da kike buƙata a fili, domin shirunsa ba lallai rashin damuwa ba ne. Idan baƙin ciki ya hana ki barci da ci da harkokinki fiye da mako biyu ba sassauci, ki ga likita ko mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, idan kuwa tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki nemi taimako a ranar.

Mataki na ƙarshe shi ne shirin gaba. Ƙwai na iya fita mako biyu kacal bayan ɓari, al'ada kuma takan dawo cikin mako huɗu zuwa shida, don haka wadda ba ta shirya ba ta tattauna tazarar haihuwa da likita, wadda ta shirya kuma ta fara shan ƙwayar bitamin ta folik asid maikirogiram 400 kullum. Idan ɓari ya maimaita sau biyu ko uku, ko an yi shekara ana saduwa babu ciki (wata shida ga wadda ta haura shekara 35), sai ku je bincike tare, a fara da gwajin maniyyi, domin yana da sauƙi kuma matsalar rashin haihuwa takan kasance daga ɓangaren namiji a lokuta da dama.