Yadda Ake Mayar da Gyare-gyaren DataSet Cikin Rumbun Bayanai

A ADO.NET, tsarin haɗa manhaja da rumbun bayanai wanda kamfanin Microsoft ya fitar tare da .NET a shekarar 2002, manhaja tana ɗebo bayanai daga rumbu da umarnin Fill, ta zuba su cikin DataSet, wato kwafin teburan bayanan da take riƙewa a wajenta, sannan ta katse haɗinta da sabar ta ci gaba da aiki a kan kwafin da ke hannunta. Ɗebowar ba ta da wuya, mayarwar ce take buƙatar natsuwa.

Kowane layi na teburan DataSet yana ɗauke da alamarsa a RowState: Added ga sabo, Modified ga wanda aka gyara, Deleted ga wanda aka goge, Unchanged ga wanda ba a taɓa ba. Da waɗannan alamomi ne Update na DataAdapter, wato mai kai-komo da bayanai tsakanin DataSet da rumbu, yake bin layukan ɗaya bayan ɗaya, yana zaɓar umarnin sakawa ko gyarawa ko gogewa. Saboda haka kada a kuskura a kira AcceptChanges kafin Update, domin yana share alamomin baki ɗaya, sai Update ya wuce bai aika komai ba, bai kuma nuna wani kuskure ba. Haka nan a goge layi da Delete, ba da Remove ba, don Remove yana cire shi ne daga kwafin kawai, rumbu ba zai taɓa samun labari ba.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya shi ne batun karo. A ce ma'ajin kanti ya ɗebo lissafi ya ga buhun shinkafa 40, ya sayar da biyar ya rubuta 35, alhali a daidai lokacin abokin aikinsa ya riga ya mayar da adadin 28 daga wata kwamfutar. Idan umarnin gyara lambar layi kaɗai yake dubawa, 35 zai danne 28, cinikin buhu 12 ya ɓace daga lissafi ba wanda ya sani. Maganinsa shi ne a sa sashen WHERE, wato sharaɗin da ke cikin umarnin gyaran, ya gwada tsohon adadin da aka ɗebo da abin da ke rumbu yanzu, ko kuma, a SQL Server, rumbun bayanai na Microsoft, a ƙara ginshiƙin rowversion wanda yake canzawa da kansa duk sanda aka taɓa layin. Idan ba su dace ba, babu layin da zai gyaru, sai a sami saƙon kuskure na DBConcurrencyException. A ra'ayina bai dace manhaja ta yanke hukunci ita kaɗai a nan ba. A nuna wa mai aikin adadi biyun ya tantance.

Idan teburan suna da alaƙa, kamar rasit da kayan da ke cikinsa, a fara saka rasit kafin kayansa, a wajen gogewa kuwa a fara da kayan. A haɗa aikin duka cikin SqlTransaction guda, ta yadda ko dai ya shiga gaba ɗaya ko a janye shi gaba ɗaya. Amma a mayar da AcceptChangesDuringUpdate zuwa false tukuna, wato a hana Update share alamomin da kansa, domin in haɗi ya yanke a tsakiya aka janye aikin, layukan da suka riga suka wuce za su ci gaba da riƙe alamarsu har a sake gwadawa. Sai bayan Commit, wato umarnin tabbatar da aikin a rumbu, ya yi nasara ne za a kira AcceptChanges.